Kwastoman Alhamis: Shafi na 17

Na ga saƙonninku duka, har da na wadda ta rantse za ta zo ta shimfiɗa tabarma a ƙofar gidanmu sai na sako. 'Yar'uwa, naɗe tabarmarki, ga shi nan.

Waɗanda yau suka shigo cikinmu kuwa, ga inda aka kwana. Auta 'yar tsohon baduku ce, tana ɗinka jakunkunan fata da hannu a wani ɗan shago da in ta miƙe ƙafa sai yatsunta su leƙa titi. Allah ya ba ta hannu, ya hana ta bakin cewa a'a. Mai gyaran zif ta karɓa, mai son jaka jibi ta karɓa, kuɗin fata da na cefane duk a aljihu ɗaya.

Wata uku ke nan da wani kwastoma ya ɓullo mata ta saƙon waya. Bai taɓa kira ba, bai taɓa nuna fuska ba. Ya sayi Alhamis ɗinta sukutum. Kowace Alhamis jaka ɗaya tak, irin wadda ranta ke so. Ta fara ƙarfe tara, ta tashi ƙarfe huɗu, waya a kashe, kada ta taɓa aikin kowa. Kuɗin ma kashi biyu yake turowa, na fata daban, na ladan hannu daban, ya ce ranar da ta haɗa su cinikin ya mutu. Ɗan aike ke zuwa ya ɗauka.

Jaka goma sha biyu ke nan, duk ta sa hotunansu a shafinta. Jiya mai babban kantin nan na bene ta gani, ta aiko a kira ta.

Yau Laraba, ƙarfe huɗu saura.

* * *

Da gudu Auta ta shigo gidan Baba, takarda a hannun hagu, waya a hammata, takalmi ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa bai samu shigowa ba.

"Baba, kakarmu ta yanke saƙa!"

Baba na zaune a kujerarsa ta gefen taga, hannun damansa kwance a cinya kamar kullum. Ya rage muryar rediyo da hagu. Yaya, babbar yayarta da ke leƙo shi kowace yamma, tana goge masa riguna a kan tebur. Ta ce ai ko arziki ne ya biyo mutum a guje, ya tsaya ya yi sallama tukuna.

Auta ta ja da baya taku biyu, ta yi sallama, ta gaishe su a dunƙule, ta ɗora daga inda ta tsaya. Bakinta har kunne, magana na hawa kan magana. Jaka ɗari biyu mai kanti ke so. Sati shida. Rabin kuɗin a gaba. Za a ware mata gilashin gaba, wanda ke kallon titi, a manna tambarinta a jiki. Ita da ke roƙon mutane su leƙa shafinta, yau ga duk wanda ya bi ta babban titi zai ga aikinta ko bai so ba. Abin da ya rage ta sa hannu kafin ƙarfe biyar.

Yaya ta jingine dutsen guga ta rungume ta, suka yi ta tsalle kamar Yaya ba uwar 'ya'ya uku ba ce. Har hawaye sai da Yaya ta yi, ta ce ashe za ta ga ranar da wannan 'yar mai ƙiriniya za ta zama mutum.

Baba ya miƙo hagu, aka ba shi takardar. Ya karanta a hankali, leɓensa na motsi.

"Ɗari biyu a kwana arba'in da biyu," in ji shi. "Nawa ke nan a rana?"

"Biyar. Kusan biyar."

"Har da Alhamis?"

"Baba, wa ke ta Alhamis yanzu?"

Ba ta jira ya yaba ba, don ta saba. Tun tana 'yar shekara bakwai take kawo masa ɗinki, bai taɓa cewa ya yi kyau ba. Iyakarsa ya juya abu sau biyu ya ce ba laifi.

Ta ce matsala ɗaya ce. Mai kanti na son jakunkunan Alhamis ɗin, su goma sha biyun, a jera a gilashi ranar Asabar. Tun jiya take tura wa kwastoman saƙo ya ara mata su, bawan Allah ya yi mirsisi. Ta zaro wayar ta sake tura wani a gabansu, tana cewa masu kuɗin nan sai a hankali.

Wani abu ya yi gurnani a cikin jakar Yaya da ke rataye a kujera.

Yaya ta kama tari. Tari sosai, har da bugun ƙirji. Ta jawo rigar da ta riga ta ninke ta sake shimfiɗawa tana gogewa, ta ce wa Auta cajin wayarta fa saura kashi uku, ta nemi caja. Auta ta ce tun jiya ba ta samu sukunin jona ta ba, cajar ma tana shago, a bar wannan.

"Baba, keken ɗinkinka na zo ara. Da hannu ba zan iya biyar a rana ba, amma da keke, wallahi sai dai a ji labari."

"Auta, tsaya," in ji Yaya.

Ina. Ta riga ta kai ƙofar ɗakin ajiya.

* * *

Keken na nan a kusurwarsa, lulluɓe da tsohon bargon nan mai ruwan toka, yadda ta san shi tun tana yarinya. Ta kama bakin bargon ta fizge da murna.

Babu keke.

Kwalaye ne guda uku, an ɗora wani kan wani, an gyara su daidai tsayin keken don kada ido ya gane. Ta tsaya riƙe da bargo. Ƙamshin man fata ya bugi hancinta, irin wanda Baba ke haɗawa da kansa. Ta buɗe kwalin sama.

Jar jaka ce ta fara gani, mai madauri biyu, wadda ta ɗinka Alhamis ta uku. A ƙarƙashinta baƙar nan mai ɗinkin fari. Kowace an naɗe ta a tsohuwar singileti, an cusa mata takarda a ciki don kada ta lotsa, an shafe ta da mai tana ta ƙyalli. Ta buɗe kwali na biyu, ta buɗe na uku. Ta ƙirga sau biyu don ba ta yarda da kanta ba. Goma sha biyu cif.

Kowace da 'yar takarda ɗaure a madaurinta, da rubutu karkatacce, irin na wanda ya koyi riƙe biro da hagu bayan ya girma.

Ta farko: "Bakin madauri ya yi kauri. Ba ta fere ba, sauri take."

Ta huɗu: "Ɗinkin gindi ya fara miƙewa."

Ta tara: "Ta daina sauri."

Ta sha biyu, wadda ɗan aike ya ɗauka makon jiya, layi ɗaya ce ita ma: "Wannan ni ban taɓa yin kamarta ba."

Auta ta zauna daɓas a ƙasa. Daga nan ne idonta ya kai kan akwatin ƙarfe na kayan aikinsa, wanda ko taɓawa ba ya bari a yi. Murfin a buɗe yake. Ba wuƙaƙen yanka, ba almakashin nan mai baƙin hannu, ba awartaki, ba guduma. Sai shatin kowane a jikin ƙyallen da aka shimfiɗa a ciki.

* * *

Ta fito rungume da ta sha biyun. Yaya ta yi tsuru-tsuru, dutsen guga na ta cin wuyan rigar Baba ba ta sani ba, sai da ƙauri ya tashi.

"Yaya, buɗe jakarki."

"Wace jaka?"

"Wadda ta yi tari ɗazu."

Yaya, baiwar Allah, ba ta taɓa iya ƙarya ba. Ta zaro wata 'yar ƙaramar waya mai maɓallai ta ajiye a tebur. Ta ce ita fa 'yar rubutu ce kawai, shi ke faɗa tana dannawa, ɗan aiken ma ita ke biya daga aljihunta, kuma ta gaya masa tun farko ramin ƙarya ƙurarre ne.

Auta ta juya wajen Baba. Tana so ta yi fushi, tana so ta yi dariya, kuka kuma ya riga su duka.

"Baba, kai ne?"

"Ni ne."

"Ina keken?"

"Ya biya Alhamis bakwai."

"Wuƙaƙen fa?"

"Biyu. Sauran tarkacen suka biya uku."

"Ka sayar da kayan aikinka don ka sayi jakar mata ka ɓoye a kwali?"

"Ba jaka na saya ba."

Ta ce ai da sai ya kira ta ya zaunar da ita ya yi mata magana, ita ba kurma ba ce. Nan ne tsohon ya yi wata 'yar dariya ta hanci. Ya tambaye ta sau nawa ya ce ta huta. Sau nawa ya ce ta raba uwar kuɗi da riba, kada ta wayi gari ta cinye jarinta a cefane. Shekara biyu yana faɗa, ta ce to Baba, ta fita ta karɓo wani aikin.

"Maganar uba kyauta ce, shi ya sa ba ta da daraja. Ta kwastoma kuwa, har waya kika kashe masa."

Yaya ta ce wannan kam gaskiya ce, ita ma ta sha kira ranar Alhamis ba ta samu ba. Auta ta harare ta.

Abin da ya fi ci wa Auta rai shi ne gaskiya ya faɗa. Ranar Alhamis ce kaɗai take cin abincin rana a zaune. Ranar ce take zana abu kafin ta yanka. Tun da ta fara raba kuɗin nan gida biyu ba ta sake zuwa wurin mai fata da kame-kame ba. Kuma cikin ɗaruruwan hotunan da ke shafinta, mai kanti ba ta nuna ko ɗaya ba sai na Alhamis.

Amma takardar na nan a kan tebur, kuma irin wannan dama ba kullum take zuwa ba. Ta share ido da gefen mayafi, murnar ta sake taso mata.

"Na ji, Baba, na gode, Allah ya saka. Amma ka duba, abin da ka shuka ne ya fito. Sati shida ne kawai. In na daure na gama, zan sayo maka sabon keke, zan mayar maka da komai. Na yi hayar keke a wani wuri, na rage barci kaɗan..."

"Ɗauko butar shayin can."

"Baba, lokaci na tafiya."

"Da hannun dama. Ki miƙe hannun, ki ƙirga goma."

Butar cike take. Auta ta kalle ta, ta kalli Yaya. Ta sa hannu ta ɗaga, ta miƙe shi sosai don ta nuna masa.

Ɗaya. Biyu. Uku.

A huɗu murfin butar ya fara kaɗawa. A biyar wani zafi ya tsarga mata daga babban yatsa har gwiwar hannu, ta dire butar da ƙarfi, shayi ya fantsama a tebur. Hannun rigarta ya zame, bandejin da ta yi wata guda tana ɓoyewa ya fito fili.

Yaya ta yi salati.

Baba ya ce tun wata huɗu da suka wuce ya gani, ranar da ta miƙo masa kofi da hannu biyu. Sannan ya sa hagu ya ɗago damansa daga cinya, ya ajiye shi a kan tebur kusa da nata. Yatsun a lanƙwashe, siraran, ba sa motsi.

"Me aka ce miki ya sami wannan?"

"Faɗuwa ka yi a kan babur."

"Ban taɓa hawa babur ba a shekarar."

Auta ta kalli Yaya. Yaya ta sunkuyar da kai, alamar ta daɗe da sani.

Ya ba ta labarin a gajarce, ba tare da ya ɗaga murya ba. Wani kamfani ne ya ba shi aikin bel ɗin wando ɗari biyar a wata ɗaya. Shi ma da gudu ya shigo gida ranar, shi ma takarda a hannu, mahaifiyar su Auta ta yi ta murna, Allah ya jiƙanta. A sati na biyu yatsun suka fara mutuwa da safe, ya riƙa tsoma su a ruwan zafi yana ci gaba. A na uku ya ɗaure basilla a hannunsa da ƙyalle don ba ya iya riƙewa. Ya gama bel ɗin, ɗari biyar cif, aka biya shi, aka yaba masa. Bai sake ɗinka ko maɓalli ba. Kunya ta sa ya ce babur ne, don ya fi sauƙin faɗa a kan a ce mutum da kansa ya kashe hannunsa. Shekara goma sha biyar ke nan bai taka ƙofar wani kanti ba, ba ya son ganin fata a gilashi.

"Mutane na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe," in ji shi. "To ni abin da ke hana ni barci ke nan."

Ya laluba aljihun rigarsa ya fito da basilla. Ƙotarta ta yi baƙi, ta lotsa daidai inda babban yatsansa ya yi shekaru yana zama. Auta ta san ta. Da ita ya koya mata huda fata.

"Ita ta rage. Mai saye zai zo da safe. Ita ce kuɗin gobe."

"Baba, wannan ko kuɗin zare ba za ta yi ba."

"Yayarki za ta cika."

Yaya ta buɗe baki, alamar yanzu take jin wannan labarin, sai ta rufe.

Wayar Auta ta ɗauki ruri. Mai kanti. Biyar saura kwata, batir saura kashi ɗaya.

* * *

Ta bari ta yi ƙara uku. Ga takarda, ga basilla, ga hannuwa biyu a kan tebur, nata da nasa. Ta ɗora tafinta mai bandeji a kan basillar, ta ɗauki wayar da hagu.

Mai kanti ba ta tsaya dogon gaisuwa ba. Ta ce tana zaune da biro a hannu, ina Auta ta tsaya, kuma an samo jakunkunan?

"An samo, ranki ya daɗe. Duka goma sha biyun."

"Madalla. To taho ki sa hannu."

"Ranki ya daɗe, ɗari biyu ba za su yiwu ba."

Yaya ta dafe kai. Auta kanta sai da ta ji kalmar ta yi mata baƙunta a baki, don ba ta tuna ranar da ta taɓa faɗa wa mai kuɗi a hannu haka ba. Amma da ta fito sai sauran suka biyo ta a guje.

"Talatin zan iya a sati shida. Na hannu, irin waɗanda kika gani, ba na keke ba. Kuɗin kowace kuma sai an ƙara, don abin da kika gani a hoton yini guda yake ci. Sannan ban da Alhamis."

"Me ya sami Alhamis?"

"An riga an saya."

"Nawa aka saya? Zan ninka."

Auta ta kalli akwatin ƙarfen da ake hangowa ta ƙofar ɗakin ajiya.

"Ba za ki iya biyan abin da ya biya ba, ranki ya daɗe."

Ana jin ƙarar fankar ofishin matar ta cikin wayar.

"Yarinya, kin san mutum nawa ke jiran gilashin nan?"

"Na sani."

"To buɗe kunnenki da kyau, don sau ɗaya zan faɗa. Ni a sana'ata..."

Ɗif.

Auta ta kalli wayar. Baƙi ƙirin. Ta danna, ta girgiza, ta bubbuga ta a tafin hannu. Yaya ta zazzage jakarta a tebur, cajarta ba ta shiga. Lambar matar kuwa tana cikin matacciyar wayar, takardar ba ta ɗauke da komai sai adireshi. Yaya ta ce ai ta faɗa, tun yana kashi uku ta faɗa, amma a gidan nan wa ke jin maganar kyauta?

Biyar saura minti goma sha biyu. Kantin kuwa, in hanya ta yi kyau, tafiyar minti goma ce.

Auta ta fara neman takalminta ɗaya, ba ta ma san abin da za ta je ta tarar ba. Sai ta ji kujerar gefen taga ta yi ƙara.

Baba ne tsaye. Ya kashe rediyo. Ya ɗauki rigar nan mai ƙonannen wuya ya zura, ya mayar da basillar aljihu, ya rataya jaka ta sha biyu a kafaɗarsa ta dama, ya danne ta da mataccen hannun.

"Baba, ina za ka?"

"Ke ɗauki kwali ɗaya, yayarki ta ɗauki biyu. Ki tare mana mota."

"Kai da ba ka shiga kanti?"

Ya riga ya kai bakin ƙofa. Ya tura mata takalmin da ƙafa, bai ko waiwayo ba.

"Wata ta ce za ta ninka kuɗina. Ina so ta faɗa a gabana."